Takobi Ɗaya, Maza Tamanin: Wa Ke Lissafin Sauran?

Duk shekara, da zarar sanyi ya kama aka fara shelar kokowar takobi, gardama guda ce ke cin fadojin samari a Maraɗi, daga Zariya zuwa Mokoyo, daga Ali Ɗan Sofo zuwa Bagalam: a cikin ƴan kokowar ƙasar nan, na da da na yanzu, wa ya fi wani? Kowa da gwaninsa. Wannan ya ce Kantu, wancan ya ce Labo Maikafo, wani ya ce Umaru Bindigau, ƙaramin cikinsu ya ce shi dai tun da ya buɗe ido Isaka Isaka ya sani. Ana cikin haka sai wani ya jefo tambayar da ke kashe bakin kowa: "To shi naka gwanin, takobi nawa gare shi?" Shi ke nan. In ba ka da adadin da za ka faɗa, sai ka ja kofin shayinka ka yi shiru kamar wanda aka kama da ƙarya.

Wannan tambayar nake son mu zauna mu dube ta da kyau, ƴan uwa, don a ganina mun ba ta ikon da ya fi ƙarfinta. Ƙirgen takubba ma'auni ne, ban musa ba. Sai dai abu guda yake aunawa, mu kuwa mun mai da shi tiyar da ake awon komai da ita: ƙarfi, dabara, zuciya, da daɗewa ana yi. Sakamakon haka akwai maza da yawa da suka yi aikin da ya isa a riƙa ambatonsu, amma yau in an kira sunansu a fada sai yara su ce, "Wane ne kuma haka?"

Bari mu fara da yadda gasar take. An buɗe ta a Tawa a 1975, zamanin mulkin Saini Kunce, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, ya ɗauki takobin farko. Shi ya sa filin kokowar garin nan ke amsa sunansa, kamar yadda na Doso ke amsa sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. A tsarin yau jihohi takwas ne ke haɗuwa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram, kowace da ƴan kokowa goma. Maza tamanin ke nan. Kowace jiha tana karawa da sauran bakwai, wato karawa 28 ta jiha da jiha, a kowace kuwa mutum goma na fuskantar mutum goma. In ka buga lissafi, kokowa wajen 280 ake yi kafin a zo ga zagayen ƙarshe. Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi kuwa ita ce: wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da a ranar farko ne, ko da tsautsayi ne ya gitta. Amma bai tafi gida ba. Yana nan yana kokowa da sunan jiharsa har a kammala.

To ka ga abin da takobi ke shaida ke nan: cewa wane ya yi kwanakin gasa bai faɗi ba. Babban abu ne, wallahi, duk wanda ya taɓa riƙe ƙugun wani ya san haka. Amma bai gaya maka su wa mutumin ya gamu da su ba, bai gaya maka yadda ya yi da su ba, kuma bai ce uffan ba a kan mutum 79 da suka koma gida hannu rabbana.

Ku saurari yadda muke maganar ma, don harshe ba ya ɓoye abin da mutane suka ɗauka da muhimmanci. Kullum da yamma a rediyo, abin da ake jira a ji shi ne "waɗanda ba su faɗi ba": Maraɗi saura mutum kaza, Tawa saura mutum kaza. Darajar da ta fi kowace a gasar, da korewa muke faɗin ta. Ba mu ce "wanda ya yi kaza" ba, mun ce "wanda kaza bai same shi ba." Sannan ku dubi aikatau ɗin guda biyu da kokowa ta ginu a kansu, "faɗi" da "kayar da." Na farko, a nahawu, ƙi-karɓau ne, wato ba ya neman wanda aikin ya faɗa wa. Ka ce "ya faɗi," ko ka ce "ya hwaɗi" irin na mutanen Tibiri, magana ta cika, ba wanda zai tambaye ka ƙari. Na biyu kuwa so-karɓau ne. In ka ce "ya kayar da" ka yi shiru, dole a ce maka, "Da wa?" Jimlar ba ta tsayuwa sai ka ambaci ɗaya mutumin. Lissafin da aka gina kan faɗuwa yana iya tafiya ba tare da sunan kowa ba sai na mai takobi. Lissafin da aka gina kan kaye kuwa tilas ya riƙe sunaye biyu, ya kuma sa ka tambayi girman wanda aka kayar. Mu na farkon muka zaɓa, kuma tun daga nan rashin adalcin ya faro.

A ɗauki misali, ba da wani nake ba. Ga mutum biyu. Na farko, ranar buɗe fili aka haɗa shi da mai riƙe da takobi, suka yi ta fama har ya gaza, ya faɗi. Washegari ya tashi ya karkaɗe walki, ya kayar da mutum shida a jere, biyu daga cikinsu ma ba su taɓa faɗuwa ba sai a hannunsa. Na biyu kuma sa'ar haɗi ta bi shi, kwana bakwai bai gamu da wani ƙato ba, wasu kokowar ma da gargaɗin alƙali ya tsallake su, sai a zagayen ƙarshe aka ɗaga shi aka buga da ƙasa. A bakin rediyo, na biyun ne za a yi mako ana kira, shi ne "namu da ya rage." Na farkon kuwa tun ranar farko aka shafe shi daga allo. Nasarorinsa shida sun shiga jimlar jiha, sunansa ya narke a ciki kamar gishiri a miya. Tsakani da Allah, in za ka zaɓi wanda zai tsaya maka a fili, wanne za ka ɗauka?

Irin na farkon nan su ne rukunin farko na waɗanda nake cewa an tauye: masu tare hanya. Duk sarkin da ya ɗaga takobi, akwai wasu da suka share masa fili, ƴan jiharsa ko na wata jiha, waɗanda suka riga suka faɗi amma suka ci gaba da tuge manyan da zai iya gamuwa da su a gaba. Kuma ku lura, mutumin da ya riga ya faɗi ba ya tsoron komai. Shi ne ke kai hari, shi ne ke gwada kwasar ƙafa da harɗiya, shi ne ke sa fili ya ɗauki ihu. Da yawa daga cikin kayen da muke turawa juna a WhatsApp, muna maimaitawa sau goma, daga hannun irin waɗannan suka fito. Muna jin daɗin aikinsu, ba mu riƙe sunansu.

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka kai bakin gaɓa. Wanda ya zo na biyu ya yi duk abin da sarki ya yi, kwana da kwanaki bai faɗi ba, bambancinsu kokowa guda ce, wani lokaci ma ƙiftawar ido. Aibo Hasan namu na Maraɗi ya kai wasan ƙarshe ya gamu da Isaka Isaka. A ƙirgen takubba, wannan tafiyar tasa sifiri ce, daidai take da ta wanda ya faɗi sau bakwai a kwana bakwai. Ma'aunin da ya kasa raba waɗannan biyun, ai ka san da gyara. Akwai kuma wani abu: duk wanda ƙarfinsa ya zo daidai da zamanin mutum irin Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya cika takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023, to ƙofa a rufe take gare shi shekara da shekaru. Da a wani zamani aka haife shi, wataƙila da tuni an yi masa naɗi. Rashin takobinsa labarin zamaninsa yake ba mu fiye da labarin gwanintarsa.

Rukuni na uku ƙananan jiki. A kokowar takobi ba a raba mutane bisa nauyi, mai kilo 70 yana iya samun kansa gaban mai kilo 110. Wannan na daga cikin daɗin kokowarmu, kuma ni ban ce a sauya ba, don ba abin da ke tada tsikar jiki kamar ka ga siriri ya yi wa ƙato taɗiya. Amma in za a jera gwanaye, ya kamata a tuna cewa sirirrin nan kullum da bashi yake shiga fili. A gasar kokowa ta ƙasashen Afirka ta Yamma ana kasa ƴan wasa rukuni-rukuni, daga masu kilo 66 zuwa manyan ƙarti, kuma a can ne ake ganin ashe ƙaramin da muke rainawa a gida gwani ne na gaske. Mai ƙaramin jiki da ya kayar da mutum huɗu cikin bakwai, a wurina ya fi ƙaton da ya danne biyar da nauyi kawai.

Rukuni na huɗu ma ba su iso filin ba sam. Jihar Maraɗi babba ce, ga Gidan Runji, ga Madarunfa, ga Tasawa, Mayahi, Dakwaro da sauransu, amma kujera goma ce. Na goma sha ɗaya fa? Kokowa asalinta ta kaka ce, bayan an kai amfani gida, a dandalin gari, ganga na tashi ƴan mata na guɗa. Har gobe a karkarar Tibiri da ta Jiratawa akwai samarin da garuruwa biyar ke shakka. Sai dai shiga sahun jiha yana son lokaci, yana son abinci mai kyau, yana son wanda zai tsaya maka. Saurayin Jiratawa da ke da lambu a fadamar ban ruwa, lokacin sanyin nan da ake zaɓe da horo shi ne lokacin aikinsa, in ya bar zogale da albasa mako uku wa zai ciyar da gida? Irin wannan ba zai taɓa shiga gardamar fada ba, alhali bai faɗi a hannun kowa ba. Hanya ce bai samu ba.

Kada mu ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A Amurka akwai wata ƙwallo tasu da ake rungumewa a ruga da ita, ana tare juna da ƙirji, babbar gasarta ana ce mata NFL. Su ma ƙirge gare su irin namu, sai dai zobe suke ƙirgawa, don duk wanda ƙungiyarsa ta ci wasan ƙarshe, Super Bowl, ana ba shi zobe. Dan Marino ya yi shekara 17 yana jifa wa ƙungiyar Miami, kowa ya yarda gwani ne na ƙin ƙarawa, amma da yake bai samu zobe ba, har yau in ana jera manya sai a ce "amma fa." Kyautar gwarzon shekara kuma kusan kullum mai jefa ƙwallo ne ke ɗauka. Ƙartin nan biyar da ke tsayawa gabansa suna tare masa mutane, ba ɗayansu da ya taɓa samun ta, masu tsaron gida kuwa biyu kacal suka taɓa samu, Alan Page a 1971 da Lawrence Taylor a 1986. Masu tare hanya ke nan, a ko'ina haka ake musu. Su kansu masanan da ke jera matasa kafin a ɗauke su aiki suna shan kunya: a 2000 sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a waiwayi Tom Brady, shi ne kuma ya zo ya tara zobe bakwai. Abin da ya bambanta su da mu shi ne, da suka ga gurguncin ma'aunin, wasu sun zauna suna bin kowane ɗan wasa motsi bayan motsi suna ba shi maki, har wanda bai taɓa ƙwallo ba a san abin da ya yi. Ko a ƙwallon ƙafa da muka fi sani, mai tsaron raga ɗaya ne tak ya taɓa cin Ballon d'Or, Lev Yashin, a 1963. Ido yana bin wanda ya ɗaga kofi, wanda ya riƙe masa tsani sai an yi da gangan ake ganinsa.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa na da ƙarfi. Zai ce: takobi ba ya ƙarya. Ba kwamiti ne ya zauna ya ba ka ba, ba ƙuri'ar ƴan jarida ba ce, ƙasa ce alƙali, kowa na kallo. In aka buɗe ƙofar "ai wane ma gwani ne," to son kai ya samu wurin zama, Bamaraɗe ya ce nasa, Ba'adare ya ce nasa, ba ranar gamawa. Gaskiya ne. Kuma duk mai neman rage wa Isaka Isaka daraja don ba ɗan jiharsa ba ne, hassada ce ke damunsa, takobi shida ba a tsintar su a hanya. Ban nemi a taɓa rawanin kowa ba. Sarki sarki ne. Abin da nake cewa shi ne, sanin sarki bai ba ka sanin gari ba. Tambayar "wa ya ci bana?" takobi ya amsa ta. Tambayar "su wane ne gwanaye?" kuwa amsarta ta fi mutum ɗaya, kuma maganin son kai a nan shi ne hujja a rubuce: wa ya kayar da wa, yaushe, ta yaya.

Kuma abin ya wuce gardamar shan shayi, don ma'auni yana koya wa mutane yadda za su yi. In yaro ya taso ya ga duk ɗaukaka tana ga rashin faɗuwa, me zai koya? Zai koyi duƙawa, ya ja ƙugu baya, ya riƙe hannun abokin karawa ya yi ta turi har lokaci ya cika, yana fatan gargaɗi ya faɗa kan ɗayan. Mu da kanmu muke ƙorafi a fili in manya biyu suka yi minti da mintoci suna shafar kan juna ba wanda ya kai hannu. To ai mu muka ce musu faɗuwa sau ɗaya mutuwa ce. Wanda ya san kuskure guda zai shafe masa shekara, don me zai yi kasada don ya burge ka?

Ga kuma batun abinci. Mai takobi yana samun doki da rawani da miliyoyin kuɗi, ƴan kasuwa da manyan gari su yi ta yi masa alheri, kuma ya cancanta. Amma kokowa sana'a ce mai gajeren kwana. Gwiwa na lalacewa, kafaɗa na gocewa, baya na riƙewa. Mutumin da ya yi shekara goma yana wakiltar jiha bai ɗauki takobi ba, in ƙarfi ya ƙare, jarinsa ɗaya ne: suna. Da suna ake kiransa horar da yara, da suna ake gayyatarsa biki, da suna wani mai hali zai tuna da shi ranar da ciwo ya kwantar da shi. In muka bar sunan ya ɓace, ba yabo kaɗai muka hana shi ba, mun taɓa tukunyar gidansa.

Abin mamaki, kakanninmu sun fi mu iya wannan lissafin, su da ba su da kwamfuta. Kirarin ɗan kokowa da waƙar makaɗinsa rajista ce. A ciki ake jin garinsu, da gidan da ya fito, da mazan da ya kayar, da filin da abin ya faru. Ka zauna da dattijo a Tibiri ka tambaye shi gwanayen zamaninsa, ba adadi zai ba ka ba. Zai ce maka wane ya fi iya taɗiya, wane in ya sarƙe ka da ƙafa sai ka kai ƙasa, wane ƙarfi ne zalla ba dabara, wane kuma duk iyawarsa akwai mutum guda da ya gagare shi. Wannan jeri ne mai rassa, kowane gwani da fanninsa, kuma da "kayar da" aka gina shi, shi ya sa sunan wanda aka kayar ma ya tsira a ciki. Yau kirari ya fi zama ado kafin a fara, kalmomin kamu kuwa suna ta raguwa a bakin matasa. Kamun da dattijo ke da suna gare shi, mu sai dai mu ce "ya ɗauke shi ya buga." In kalma ta tafi, idon da ke bambance abin ma yana bin ta, sai kowane kaye ya zama iri ɗaya, ba abin da ya rage na faɗa sai ƙirge.

To me za mu yi, mu da ba mu da kujera a hukumar kokowa? Abin da ke hannunmu ya isa a fara. Ana nuna gasar a talabijin, ana ba da ita a rediyo, wayoyinmu cike suke da bidiyo. Mutum huɗu da littafi guda za su iya rubuta kokowa 280 ɗin nan kaf: sunan mutum biyu, jiharsu, wanda ya yi kaye, da irin kamun, da ko wanda aka kayar ya taɓa faɗuwa kafin nan. A ƙarshen gasa a fitar da jeri na biyu a gefen na takobi: wanda ya fi yawan kaye, wanda ya fi tuge waɗanda ba su faɗi ba, ƙaramin jikin da ya fi ba da mamaki. Kayar da tsohon mai takobi a ba shi nauyin da ya fi na kayar da sabon shiga, don ba ɗaya ba ne. In aka yi haka shekara biyar a jere, za ku ga wasu sunaye na dawowa kullum a sama, sunayen da yau ba mai kawo su a gardama.

Masu zuwa hutu gida kuma, Tibiri ko Jiratawa ko duk inda mutum ya fito, a nemi tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu tun suna da rai. A tambaye su sunayen kamu, a tambaye su wa ya kayar da wa, a naɗa a waya, a rubuta da Hausa yadda suka faɗa, da karin harshensu. Ba sai an jira wani ya zo daga waje da kuɗin bincike ba. Littafin ɗari biyu da biro sun wadatar, kuma sanyin bana ma ana iya farawa.